Kwanturolan famfon wankin taga: yadda ake haɗa shi, da dalilin da ya sa yake yi wa mutane gardama

Asabar ɗin da ta wuce wani yaro ɗan garinmu da ya fara sana'ar wankin taga a nan Ingila ya kira ni tun ban gama karyawa ba, murya duk a dagule, wai Yaya kwanturolan nan fa ya mutu, kuma sabo ne ko wata biyu bai yi ba, wani lokacin ya rubuta BAT (alamar batir ya yi ƙasa) ya ɗauke, wani lokacin ina tsaka da wanki ya rubuta DE (alamar hanyar ruwa ta toshe) ruwa ya tsaya, zan sayi wani kawai. Na ce masa kar ka sayi komai tukunna, kawo motar. Da ya kawo na ɗaga murfin akwatin batir sai da na yi salati. Wayar da ya ja daga batir zuwa kwanturola irin siririyar nan ce ta lasifika, ya haɗa ta a wuri uku, kowane haɗi murɗawa ya yi da hannu ya naɗe da salatif, ɗaya ma har ya yi kore saboda danshi. Kwanturola kuwa, wato ƙaramin akwatin da ke sarrafa gudun famfon da ke tura ruwan wankin, lafiyarsa lau. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya shigo harkar nan sai ya zargi ƙaramin akwatin nan da laifin da ba nasa ba, shi ya sa na ce bari in zauna in warware maganar daga tushe.

Ga wanda bai san yadda ake aikin ba a nan: yawancin masu wankin taga sun daina hawa tsani. Doguwar sanda ce da ake zuƙewa a miƙe, da burushi a kanta, siririn tiyo ya bi ta ciki ya kai ruwa har bakin burushin, mutum yana tsaye a ƙasa yana wanke tagar hawa na biyu ko na uku. Abin ya fara yaɗuwa tun ƙarshen shekarun 1990, amma dokar aiki a wuri mai tsayi da aka yi a 2005 ita ta ƙara tura mutane, don duk da ba ta haramta tsani ba ta ce in akwai hanyar yin aikin daga ƙasa to ita za a bi. Ruwan kuma ba na famfon gida ba ne kai tsaye, sai an tace shi an cire duk gishirin da ke ciki har ƙaramar mitar gwaji ta nuna 000 ko kusa da haka, saboda ba goge gilas ɗin ake yi ba, barinsa ake ya bushe da kansa, in da ɗan gishiri a ruwan sai ya bar ɗigo-ɗigon fari. Mutanen Landan da kudancin ƙasar su suka fi shan wahalar wannan don ruwansu ta cikin alli yake fitowa, mitar kan haura 250, su kuwa 'yan Manchester da ruwansu ke zuwa daga tafkunan arewa abin da sauƙi sosai. Ko ma ina kake dai, ruwan nan kuɗi ne da lokaci, ba abin watsarwa ba ne.

To a nan kwanturola ya shigo. Famfon da aka fi amfani da shi wajen tura ruwan daga tankin bayan mota zuwa sanda ɗan ƙarami ne mai aiki da batir 12V, irin su Shurflo mai matsi 100 psi da ke iya tura lita 5 da ɗoriya a minti. Kai kuma a bakin burushi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishe ka. Yi lissafi, tanki mai lita 500, wato nauyin rabin tan kenan a bayan motarka, in ka bar famfo ya sake jiki da lita 5 a minti cikin minti 100 ya ƙare, in ka riƙe shi a lita 2 zai kai ka minti 250 na zubar ruwa, wanda shi ne aikin yini guda. Aikin kwanturola na farko kenan, rage wa famfo gudu. Na biyu, tsayar da shi in ka rufe ruwa. Na uku, kare batir kar a tsotse shi har ya lalace.

Yadda yake rage gudun ba wai rage ƙarfin wutar yake kamar an murɗa famfon gida ba. Kunnawa yake yana kashewa da saurin da kunne ba ya iya rabewa, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa, in ka sa lamba ƙarama lokacin kashewar ya fi yawa, in ka ɗaga lokacin kunnawar ya fi yawa. Don haka lambar nan da ke fuskarsa daga 0 zuwa 99 ba lita ba ce, kason wuta ne kawai. 40 ɗina ba 40 ɗinka ba ne in tiyonmu ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa nake dariya in na ji mutum yana tambayar abokinsa a nawa kake aiki don ya kwafa.

Amma ga asalin maganar da in ka gane ta sauran duk sauƙi ne: kwanturola ba ya ganin ruwa, ba ya jin matsin ruwa, ba shi da wani abu da ya taɓa tiyo ko kaɗan. Wayoyi huɗu ne kawai suka shiga jikinsa. Abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da famfo ke ja. Ka ɗauki ɗan garuwa yana tura kura, a shimfiɗaɗɗen titi numfashinsa daidai, da ya zo hawa sai ka ji nishi ya ƙaru, in kuwa taya ta faɗa rami ya tsaya cak yana yunƙuri to ko idonka a rufe ka san kurar ta maƙale. Haka kwanturola yake, nishin famfo yake saurare. In ruwa na tafiya famfo kan ja amf 3 zuwa 5, in ka rufe bawul ɗin da ke tsayar da ruwa a tiyo matsi ya taru motar famfon ta fara kokawa sai jan wutar ya haura, da ya wuce layin da ka shata masa sai kwanturola ya ce hanya ta toshe, ya yanke wuta, ya rubuta DE. Daga nan duk bayan 'yan daƙiƙu sai ya ɗan taɓa famfon ya ji, in har yanzu da nauyi ya koma ya kwanta, in ya ji sauƙi ya san ka buɗe sai ya ci gaba. To tunda da kunne yake aiki ba da ido ba, duk abin da ya canza nishin nan, tsawon tiyo ne, sanyi ne, tsayin bene ne, batir mai rauni ne, ruɓaɓɓen haɗin waya ne, shi a wurinsa labari ɗaya ne, kuma zai yanke hukunci ne a kan abin da ya ji.

Mu zo kan wayoyin. A irin na kamfanin Spring, waɗanda su ke ƙera wa shaguna da yawa kowa ya manna sunansa a kai, ja da baƙa na batir ne, ja a fositif baƙa a negatif, sai ruwan ƙasa da shuɗiya na famfo, ruwan ƙasa ta tafi jar wayar famfo, shuɗiya ta tafi baƙarsa. Wasu kamfanonin launinsu daban, don haka takardar da ta zo a kwali a duba ta kafin a jefar, minti biyu ne. Ni yadda nake yi, ɓangaren famfo nake fara gamawa, sannan negatif na batir, jar waya ita ce ta ƙarshe kuma fis ɗin yana aljihuna har sai na bi kowace waya da yatsa na tabbatar. Juya ja da baƙa kan iya kashe kwanturola nan take, wasu sababbin suna da kariya wasu babu, kuma ba abin gwadawa ba ne don a gani.

Fis ɗin nan mutane na raina shi. Wurinsa a jar waya ne, dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Dalili, ba kwanturola kaɗai yake karewa ba, wayar kanta yake karewa. Batirin nan in aka haɗa bakinsa biyu kai tsaye zai iya turo amf ɗaruruwa, waya ta yi ja kamar garwashi cikin ƙiftawar ido, in ka sa fis can kusa da kwanturola to duk tsawon wayar da ke bayansa tsirara take, ranar da ta goga da ƙarfen mota ta fashe shikenan. Girman da aka saba shi ne 7.5A ga famfo ɗaya, wasu 10A in takarda ta ce haka. Kuma in ya ƙone kar a ce bari in sa babba, ko a yi irin ta gida a naɗa zaren waya a gurbinsa, fis ba ya ƙonewa don nishaɗi, ko famfo ya fara cijewa ne ko waya ta taɓa wani wuri. In mutum biyu ne ke aiki a mota ɗaya, famfo biyu kwanturola biyu, to kowanne da wayarsa da fis ɗinsa tun daga batir.

Akwai kuskuren da 'yan rewaya irina ke yi saboda sabo, na taɓa yinsa a farkon zuwana. A wutar mota mun saba duk negatif a ɗaure shi a jikin bodi a huta. A nan kar ka yi wa famfo haka. Baƙar wayar famfo dole ta koma cikin kwanturola, domin a yawancinsu ta wannan gefen ake yanka wutar kuma ta nan ake auna ta, in ka ɗaure ta a bodi ka zagaye shi kenan, sai ka ga famfo na gudu iya ƙarfinsa ko ka sa 5 ko ka sa 90, ko ma ka kashe kwanturolan bai tsaya ba. Rabin yini na ɓata a kan wannan ina ta zagin akwatin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai kaurin waya, wanda shi ne ciwon yaron nan. A wutar gida mai 230V in volt ɗaya ya ɓata a hanya ba wanda zai sani, amma a 12V volt ɗaya babban kaso ne. Wayar tagulla mai kaurin 1mm² tana da juriyar kusan 0.0175 ohm a kowace mita. Ka ce daga batir zuwa kwanturola mita 5 ne, wuta kuma zuwa take ta dawo, mita 10 kenan, 0.175 ohm, in famfo ya ja amf 6 volt ɗaya da ɗan kai ya tafi a dumama waya. Batirinka yana 12.4 lafiya lau, kwanturola yana ganin 11.3, shi kuma an gina shi ya fara kuka da BAT a wajajen 11.5 ya kashe kansa in aka ƙara yin ƙasa, to me kake so ya yi? Gaskiya ya faɗa, abin da ya iso masa kenan. Canza zuwa 2.5mm² a wannan tsawon asarar ta koma wajen 0.4, ka matso da batir kusa ya zama mita 2 sai ta koma abin da bai kai a yi magana ba. Ni 2.5mm² nake sawa ko ina, kuma a taƙaice iya yadda zai yiwu. Haɗi kuwa a matse shi da filayar matse kan waya, a sa robar nan da ke ƙanƙancewa in ta ji zafi, kan batir kuma zobe da noti ba maƙalen nan mai haƙora irin na jan wuta ba, don shi a ɗan ƙaramin wuri yake cizo kuma kowane rami mota ta faɗa sai ya motsa. Bayan motar wankin taga kullum a jiƙe yake, ga damunar ƙasar nan da ba ta da ranar tafiya, duk haɗin da iska ke shiga wata shida ya yi yawa ya yi kore.

Hanyar gane wannan ciwon ba wuya in kana da mita. Kunna famfo ruwa na zuba, auna a kan batir, sannan ka auna a daidai inda waya ta shiga kwanturola. Dole famfo yana aiki fa, in a kashe yake ko zare ɗaya ne ya rage a wayar zai nuna maka 12.6 ya yaudare ka. A motar yaron bambancin ya haura volt ɗaya, da na taɓa haɗin tsakiya kuma ɗumi na ji.

Wurin kafa shi ma a duba. Akwatin kansa an yi shi ya jure feshin ruwa amma ba na nutsewa ba ne, a kafa shi sama da tanki ko gefe, nesa da bakin cikawa, wayoyi su fito ta ƙasa su ɗan yi lanƙwasa kafin su hau, yadda ɗigon da ya bi waya zai sauka ƙasa maimakon ya gangara ciki. Kuma inda za ka iya ganin fuskarsa da ka buɗe ƙofar baya ba sai ka hau kan tanki ba.

Batir kuma ba na tayar da mota ba, wannan an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu a sake cika shi, in kana tsotsarsa a hankali yini guda ba zai yi nisa ba, kuma wata rana za ka gama aiki mota ta ƙi tashi a ƙofar gidan mutane. Batir na biyu ake sawa irin na motocin zango da ake kwana a cikinsu, 85Ah zuwa 110Ah, Ah ɗin nan ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne. In ya cika ya huta yana nuna wajen 12.7, in ya sauko 12.2 ka ci rabinsa, kuma irin mai ruwan asid ba ya son a wuce rabin nan. Famfo mai jan amf 4 na awa 4 ya ci 16Ah ne kawai, ba yawa, matsalar ita ce rashin mayarwa. Mutane na sa rile mai raba caji daga mota su ɗauka an gama, alhali mai wankin taga tafiyarsa daga wannan layi zuwa wancan ne, minti uku uku, ina cajin yake? Sai an riƙa jona shi a caja a gida ko sau biyu a mako. Sannan sababbin motoci na ƙa'idar rage hayaƙi ta Euro 6, kamar daga 2016 zuwa yau, altanetarsu mai wayo ce, tana sauke wuta in ta ga dama don rage shan mai, tsohon rile ba ya jituwa da ita, sai cajar nan ta batir zuwa batir. Masu sa batirin lithium kuma su sani shi wutarsa kusan a 13 take tsayawa har ya kusa ƙarewa sannan ya yanke gaba ɗaya, don haka lambar da kwanturola ke nunawa ba za ta yi maka gargaɗi da wuri ba.

Sai rigimar makunnin matsi. A kan famfon akwai wani ɗan makunni da ruwa ke turawa, in matsi ya kai 100 psi ya yanke wuta da kansa. Tsofaffin hannu da suka fara da kwanturolan Varistream sun saba a cire shi daga layi a bar kwanturola shi kaɗai, su kuma Spring cewa suke a bar shi a ciki, in shi ya yanke sai fuskar ta rubuta PS. Za ka ji mutane na musu a kan wannan kamar maganar ƙwallo. Ni dai ra'ayina a bi abin da mai kwanturolan ya ce, kuma in ya yarda a bari to a bari, mai gadi biyu ya fi ɗaya. Amma a fahimci cewa mai gadin baya ne, bai kamata a ce shi ke tsayar da famfo kullum ba. In kana yawan ganin PS maimakon DE to saitinka ya yi sama da yawa, famfo yana kaiwa ƙarshen ƙarfinsa kafin kwanturola ya farga, kuma ɗan makunnin nan duk yankewa ɗaya sai ya yi tartsatsi a ciki, a haka a haka bakinsa ke ƙonewa, wata safiya ka kunna shiru, PS ta zauna daram ko da babu ruwa a tiyo. Abin ɗan kuɗi ƙalilan ne a canza, amma mutane famfo sukutum suke saye. Wayar famfo da ta cire ma kan nuna PS ɗin, don shi kwanturola abin da ya ji kawai shi ne babu kowa a ɗaya gefen.

Kafin saiti a gama da ɓangaren ruwa, in ba haka ba aikin banza za a yi. Ƙaramar matata tsakanin tanki da famfo, tiyon tsotsa mai faɗin rabin inci da ba ya lanƙwashewa, kowane haɗi a ɗaure tamau. Iska ita ce babbar munafuka a nan, domin ita matsuwa take ruwa kuwa ba ya matsuwa, in akwai ta a layi ka rufe bawul sai famfo ya yi ta turawa yana matse iska, nishi bai tashi ba, DE ba ta zo ba. Cire sanda, buɗe bakin tiyo, ɗaga gudu sama ka bar ruwa ya zuba har ya daina tofi da tari ya miƙe santal.

Yanzu saitin kansa, wanda a fuskar ake rubuta CAL, shi ma lamba ce 0 zuwa 99, kuma ma'anarta ita ce layin nan da na ce ka shata: nishi ya kai ina kafin a ce hanya ta toshe. Abin da yaron nan ya yi, a ƙofar gida ya saita da guntun tiyo mita 5 babu sanda, ya ga komai na tafiya ya ji daɗi. Da ya je aiki ya haɗa tiyo mita 100 mai ramin 6mm, ya ƙara na cikin sanda wanda ya fi shi ƙanƙanta, ruwa kuma ya fita ta ƙofofi biyu masu 2mm a burushi, ya ɗaga sanda sama, ai nishin aikin yau da kullum ma ya riga ya haura layin da ya shata, dole DE ta yi ta zuwa yana tsaka da wanki. Tsayi kaɗai lissafinsa a fili yake, kowace mita 10 da ruwa zai hau tana ƙara matsi na bar ɗaya, wato wajen 14.5 psi, tun ba a zo maganar gogayyar cikin tiyo ba.

Don haka a saita a yanayin aiki na gaskiya. Tiyon da kake aiki da shi duka, sandarka mafi tsawo a miƙe a jingine da bango, bawul a buɗe, gudu a lambar da ka saba. Masu saita kansu sai ka shiga CAL ka zaɓi AUT ka ba shi ɗan lokaci ya saurari famfon ya fitar da lamba ka tabbatar masa. Da hannu kuwa, sauko da lambar a hankali har ruwa ya fara yankewa DE ta bayyana, sannan ka riƙa hawa ɗaya ɗaya har ya miƙe bai ƙara yankewa ba, ka ƙara kamar uku zuwa biyar a kai don ɗan sarari. Sai gwaji, rufe bawul ka ƙirga, cikin 'yan daƙiƙu ya kamata famfo ya yi shiru, buɗe kuma ruwa ya dawo ba tare da dogon jira ba. In ka rufe ya daɗe yana gurnani, tiyo ya yi tauri kamar sanda, da ka buɗe ruwa ya yi tsartuwa har saman rufi, to ka yi sama da yawa, kuma irin wannan ne ke fizge haɗin tiyo a tsakiyar lambun mutane ya kuma cinye batir a banza. Ni na fi son ƙasa-ƙasa, daidai inda ba ya yankewa, komai na motar ya fi daɗewa.

Wani abu da ke rikita sababbi, in ka canza gudu sosai saitin ma ya tashi. Ka saita a 30 ka koma aiki a 60 don wani babban gilas, ruwa mai yawa ta ƙaramin rami matsi ya ƙaru, DE ta dawo. Ba lalacewa ba ce. Haka in ka canza burushi mai ƙananan ƙofofi, ko ka koma tiyo mai 8mm wanda shi kuma sauƙi yake kawowa.

Sai sanyi, wanda duk shekara a watan Nuwamba ko Disamba zai sa a yi ta kiran waya ana cewa kwanturola ya haukace. Ruwa mai sanyi ya fi kauri, a kusa da daskarewa kaurinsa ya kusa ninka na lokacin zafi ko da ido ba ya gani, tiyo ma ya ƙanƙame ya daina buɗewa, batir kuma ƙarfinsa ya ragu, duka ukun a safiya ɗaya. Saitin da ya yi maka aiki tun watan Mayu sai ya zama ya yi ƙasa. Ka ɗaga shi kaɗan, in bazara ta dawo ka sauke, masu aiki da ruwan zafi su kuma akasin haka suke gani don tiyo laushi yake yi ya buɗe. In kuwa ruwa ya daskare a kan famfo da dare kar ka kunna ka ce zai fasa, fis zai tafi ko robar cikin famfon ta yage, a narkar da shi tukunna, shi ya sa da yawa ke barin ƙaramin hita a bayan mota ko su kwashe famfo da tiyo su shigar gida.

Tunda ana maganar wuta bari in faɗi wannan ko da ba ta kwanturola ba ce: 12V ba za ta kashe ka ba, amma sandar kabon da ke hannunka tana ɗaukar wuta, ga ta a jiƙe, ga tsawo, kuma taɓa wayar lantarki ta sama da ita na iya kashe mutum. Kafin ka miƙe sanda ɗaga kai.

Motar yaron dai awa ɗaya da rabi ta ci mana. Mun cire wayar lasifika, mun matso da batir kusa da tanki, waya 2.5mm² guda ɗaya babu haɗi a tsakiya, fis 7.5A a kan batir, muka fitar da iska, muka ja tiyon duka har bakin titi muka jingina sanda a bangon gidana muka saita. Bambancin batir da kwanturola ya dawo 0.2. Ya ce Yaya nawa zan bayar, na ce tunda sanda na jingine a bangon ai sai ka wanke min tagogin sama, dama uwargida ta kwana biyu tana yi min maganarsu.